Babi na Shida: Yaron da Aka Tare a Hanyar Makaranta

Wata safiya a shekarar 1987, a wani ƙauye da ake kira Coorom a arewacin Yuganda, wasu yara suka kama hanyar makarantar firamare. Ba su kai ba. 'Yan tawaye suka tare su, suka tasa ƙeyarsu zuwa daji. A cikinsu akwai wani ɗan tsurut mai kimanin shekara tara, wanda ake ba da labarin cewa saboda ƙanƙantarsa sai da aka riƙa ɗaukarsa a kwanakin farko na tafiyar, don ƙafarsa ba ta iya bin manya. Sunan da duniya ta san shi da shi Dominic Ongwen. Mutanen Acoli, kamar mu, sukan raɗa wa yaro sunan lokacin da ya zo duniya, yadda muke da Anaruwa da Azumi da Ɗanjuma. Ongwen na nufin wanda aka haifa lokacin fitar shinge.

Shekara 34 bayan wannan safiyar, ranar 4 ga Fabrairun 2021, wani alƙali Bajamushe mai suna Bertram Schmitt ya zauna a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Heg, ya karanta wa wannan yaron, wanda yanzu ya haura arba'in, laifuka 61 da aka same shi da su. Akwai kisa, akwai azabtarwa, akwai fyaɗe, akwai bautar da mutane. Akwai kuma ɗibar yara 'yan ƙasa da shekara 15 a sa su yaƙi. Wato an kama shi da laifin da aka fara yi masa.

Na zaɓi labarin mutum guda ne saboda alƙaluma kan kashe wa mutum jiki. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce daga 2005 zuwa 2022 an tabbatar da yara sama da 105,000 da aka ɗiba aikin yaƙi, kuma waɗannan su ne kawai waɗanda aka iya tantancewa. Abin bai tsaya a nahiyarmu ba. Hitila ya tura yara su tare tankokin Rasha a titunan Balin a 1945. Iran ta tura samari masu ƙananan shekaru fagen daga a yaƙinta da Iraƙi. An yi a Kambodiya, an yi a Siri Lanka da Kwalambiya da Bama, ana yi a Yaman. Cas Telo yana da rundunar ƙananan yara ta musamman a Laberiya, kuma abin da 'yan tawayen Saliyo suka sa yara suka yi da adda har yau akwai masu dungu da ke yawo da shaidarsa. Sai dai idan aka jera waɗannan duka, mai karatu zai girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, ya juya shafi. Ongwen ba ya barin mutum ya juya shafi cikin sauƙi.

A watan Janairun 1986 Yoweri Museveni ya kama Kampala, ya kori gwamnatin Janar Tito Okello, wanda ɗan Acoli ne. (Shi kansa Museveni da yara ya shigo birnin, ana kiransu kadogo, wato 'yan ƙanana da Swahili. Wannan ba a cika tunawa da shi ba.) Sojojin Acoli suka tsere arewa da bindigoginsu da tsoron ramuwa. Cikin wannan ruɗanin wata mata mai suna Alice Auma ta ce wani ruhi mai suna Lakwena ya hau ta, ta tara dubban mutane, ta shafa musu man kaɗanya ta ce harsashi ba zai kama su ba. Sai da ta kai kusa da Jinja kafin a tarwatsa ta a ƙarshen 1987. Wanda ya gaji abin da ta bari shi ne Joseph Kony, wani matashi ɗan ƙauyen Odek, wanda ya ce shi ma ruhohi na magana da shi, kuma zai mulki Yuganda da dokoki goma na Annabi Musa. Ƙungiyarsa ita ce LRA.

Matsalar Kony ita ce mutanensa ba su bi shi ba. Manyan Acoli sun gaji da yaƙi, sun ƙi ba shi 'ya'yansu. Da ya rasa masu zuwa da ƙafarsu, sai ya koma ɗauka da ƙarfi, ya kuma ɗauki ƙabilarsa a matsayin maciya amana waɗanda suka cancanci horo. Wanda aka zarga da kai rahoto ga soja a yanke masa leɓe ko kunne. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Sudan ta ba shi makamai da sansani a kudancin ƙasarta, don ta rama goyon bayan da Museveni ke bai wa 'yan tawayen Jon Garang. Manya biyu na gaba da juna, kowa ya ɗauki ɗan tawayen ɗan'uwansa ya goya, kuma yaran ƙauye ne suka biya kuɗin. Ƙiyasin yawan yaran da LRA ta sace ya sha bamban, amma mafi ƙanƙantarsa ya haura 20,000.

Me ya sa yaro? Amsar da aka fi bayarwa ita ce bindigar zamani ba ta da nauyi. Haka ne, AK-47 ba ta wuce kilo huɗu da ɗoriya ba, yaro ɗan shekara goma zai iya kwance ta ya mayar. Amma wannan rabin magana ce. Yaro ba ya kai babba ƙarfi, ba ya kai shi saiti, ba ya ɗaukar kayan da babba zai ɗauka. Kwamandan da ya sami zaɓi zai fi son ƙato. Wani masani Christopher Blattman da abokiyar aikinsa Jeannie Annan sun bi ɗaruruwan matasan arewacin Yuganda gida-gida wajen 2005, sun tambaye su yaushe aka ɗauke su, yaushe suka dawo. Abin da ya fito shi ne LRA ta fi farautar 'yan shekara goma sha, waɗanda suka fara tasawa. Ƙaramin yaro nauyi ne a daji. Babban mutum kuwa ya san hanya, ya san ƙarya idan ya ji ta, da ya sami sarari sai ya sulale. Na tsakiyar nan shi ne abin nema: yana iya riƙe bindiga, amma idan aka yi ta zagaye da shi a daji kwana uku bai san gabas ba bai san yamma ba, kuma idan aka ce masa soja na kashe duk wanda ya koma gida, zai yarda. Ba a biyansa albashi. Ba shi da mata da 'ya'yan da za su ja hankalinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji mu, muna nufin tarbiyya. Kony ma ya san wannan karin maganar, ta tasa fuskar.

Yadda ake tanƙwarawar kuwa tsari ne, ba hauka ba. Sabon kamu za a fara yi masa dukan tsiya, a ce ana cire masa farar hula daga jiki. Sai a shafa masa man kaɗanya a goshi da ƙirji da baya, a gaya masa daga yau ruhin Kony na ganin abin da ke zuciyarsa, ko tunanin gudu ya yi za a sani, kuma in ya gudu man zai rikita shi ya dawo da shi inda ya baro. Mu da muka tashi muna jin labarin layar zana da baduhu bai kamata mu yi wa yaron dariya ba. Daga nan sai babban darasi. Idan aka kamo wanda ya yi yunƙurin gudu, ba kwamanda ke kashe shi ba. Sababbin yaran ake tarawa, a ba su kulake ko adda, a ce kowa sai ya sa hannu, wanda ya noƙe shi ne na gaba. Wani lokaci wanda ke kwancen ɗan garinsu ne, wani lokaci ɗan'uwa. Da wannan an jefi tsuntsu biyu. Yaron ya ga makomar mai gudu. Ya kuma san yanzu akwai jini a hannunsa, ya fara tambayar kansa da wane ido zai kalli mutanen garinsu. An rufe masa ƙofar gida daga ciki.

Bayan tsoro sai a kawo lallashi. Kowane yaro ana ba shi gidan wani kwamanda, ya yi masa dako, ya ɗebo ruwa, ya kira shi lapwony, wato malam. Shi ke dukansa, shi ke ba shi abinci, shi ke yaba masa ranar da ya yi abin kirki a wurin hari. Ongwen ya zama maraya ba da daɗewa ba bayan kama shi. Yaron da ba shi da uwa ba shi da uba, kuma hannun da ke marinsa shi ne hannun da ke miƙa masa rogo, ina zai kai biyayyarsa? Ya yi ƙwazo, aka yi ta ƙara masa girma, har ya zama kwamandan birget ɗin Sinia, ɗaya daga cikin manyan rundunonin LRA huɗu.

Idan an ce yaro soja, hoton da ke zuwa shi ne namiji da bindiga ta fi shi tsawo. Da yawansu mata ne. Daren 9 ga Oktoban 1996, 'yan LRA suka fasa makarantar 'yan mata ta Saint Mary da ke Aboke, suka kwashe ɗalibai 139. Mataimakiyar shugabar makarantar, wata 'yar Italiya mai hidimar coci, Sista Rachele Fassera, ta ɗauki wani malami guda suka bi sawu cikin daji har suka cim musu. Ta yi ta roƙo, aka ba ta 109, aka riƙe 30. Duk wanda ya ji wannan daga ƙasarmu zai tuna Chibok da 'yan mata 276 na watan Afrilun 2014. Shekara goma sha takwas ne tsakani. Waɗanda aka riƙe, ƙananan ana kiransu ting ting, su yi raino da girki, da sun fara girma a raba su ga kwamandoji a ce matansu ne. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu, Angelina Atyam, ta haɗa iyaye suka kafa ƙungiya, ta yi ta yawo duniya tana faɗa. 'Yan tawayen suka aiko mata cewa za su sako 'yarta in ta yi shiru. Ta ce sai dai a sako duka. 'Yar ba ta dawo ba sai 2004, da 'ya'ya biyu.

Ita kuwa gwamnati, maganin da ta kawo shi ne ta kwashe mutane daga gonakinsu ta cusa su a sansanoni, ta ce don ta kare su. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka koma zaman bukkoki manne da juna, babu noma, babu isasshen ruwa. Wani binciken da ma'aikatar lafiyar ƙasar ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ya nuna ana rasa kimanin mutum dubu duk mako fiye da ƙima, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙanjamau. Kariyar ma ba ta samu ba. Dubban yara kan taso da yamma daga ƙauyuka da sansanoni, su taka kilomitoci zuwa cikin Gulu da Kitgum, su kwana a barandar shaguna da tashar mota da harabar asibiti, da asuba su koma. Iyaye sun gwammace ɗansu ya kwana a titi da ya kwana a ɗaki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma har yau babu wani babban jami'in sojan Yuganda da kotun Heg ta tuhuma kan abin da ya faru a arewa. Mutanen Acoli ba su manta da wannan ba.

Waɗannan sansanonin ne Ongwen ya kai wa hari. Pajule a watan Oktoban 2003, Odek a Afrilun 2004, Lukodi a Mayu, Abok a Yuni. An harbe mutane, an sassara wasu, an cinna wa bukkoki wuta da mutane a ciki, an ɗora wa mata kayan ganima, wadda goyonta ya yi kuka aka sa ta jefar da shi a daji. Sojojin Yuganda da 'yan sanda sun shafe shekaru suna sauraren oba-obar LRA suna rubutawa a littattafai, don haka kotu ta ji muryar Ongwen yana kai wa Kony rahoton aikin da ya yi. A 2005 kotun ta fitar da sammacin kama mutum biyar: Kony, da mataimakinsa Vincent Otti, da Raska Lukwiya, da Okot Odhiambo, da Ongwen. Lukwiya ya mutu a fagen daga a 2006. Otti, Kony ne ya sa aka harbe shi a 2007. Odhiambo ma ya mutu a daji. A watan Janairun 2015 Ongwen ya fito a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya faɗa hannun sojojin Amurka da ke farautar Kony, aka wuce da shi Heg. A cikin mutum biyar ɗin, wanda aka sace yana ɗan firamare shi kaɗai ya tsaya gaban alƙali.

A nan ne doka ta shiga tsaka mai wuya, don doka da shekaru take aiki. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya sa iyaka a shekara 15, yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta maimaita. Musulmi zai ga lambar ba baƙuwa ba ce: Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi gida ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, ya karɓe shi ranar Handaƙ yana ɗan 15, kuma Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ɗauki wannan ya zama iyaka tsakanin yaro da babba a rajistar mayaƙa. Afirka ce ta fara ɗaga iyakar zuwa 18, a yarjejeniyarta ta haƙƙin yara ta 1990. Bayan rahoton da Graça Machel ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1996, aka yi wata ƙarin yarjejeniya a 2000 wadda ta fara aiki ranar 12 ga Fabrairun 2002. Ita ta hana tilasta wa ɗan ƙasa da 18 shiga soja, ta hana ƙungiyoyin tawaye ɗaukarsa ko da ya kawo kansa, amma ta bar wa gwamnatoci ƙofa. Ta wannan ƙofar Ingila ke ɗaukar ɗan shekara 16 har gobe, in iyayensa sun sa hannu. Dokar da ta kafa kotun Heg a 1998 ta ce ɗibar ɗan ƙasa da 15 laifin yaƙi ne, kuma da wannan laifin kotun ta yanke hukuncinta na farko, a kan Thomas Lubanga na Kwango a 2012, shekara 14. Wannan dokar dai ta ce kotun ba ta da hurumi kan abin da mutum ya yi kafin ya cika 18.

To a duba yadda lissafin ya faɗa kan Ongwen. Daga shekara tara zuwa 15, shi abin tausayi ne, an yi masa laifin yaƙi. Daga 15 zuwa 18, doka ta kau da kai. Ranar da ya cika 18, a wani daji da babu kalanda, babu wanda ya san ranar har shi kansa, ya zama cikakken mai laifi wanda za a tambaya kamar kowa. Babu abin da ya canja a rayuwarsa tsakanin daren jiya da safiyar yau. Kwamandansa na nan, kulkin na nan, man kaɗanyar na nan. A tsawon shekara taran da doka ke kiransa yaro, babu gwamnatin da ta je ta ɗauko shi. Ta tuna da shi ne bayan ya girma.

Lauyansa, Krispus Ayena Odongo, a kan wannan ya tsaya: mutumin nan a tsare yake tun yana yaro, tsoron Kony da ruhohinsa bai taɓa sakinsa ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Shi ma Ongwen da aka buɗe shari'a a Disambar 2016 ya ce LRA ce ta yi waɗannan abubuwa, shi kuwa yana cikin waɗanda LRA ta zalunta. Mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ta amsa cewa zaluncin da aka yi maka jiya ba ya zama lasisin zaluntar wani yau. Alƙalai suka bi bayanta. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ban ga yadda za a yi a kauce mata ba. Dubban da aka sace kamar shi sun gudu da suka sami sarari, har da manyan kwamandoji. Shi yakan yi wata da watanni nesa da Kony da ɗaruruwan kilomita, shi ke da wuƙa shi ke da nama. Akwai lokutan da ya ƙi bin umarni kuma ba abin da ya same shi. Sannan ga mata bakwai da aka kai gidansa, waɗanda suka ba da shaida kan abin da ya yi musu cikin ɗaki, inda babu Kony babu mai leƙe. A kan wasu daga cikinsu ne kotun ta fara kama wani da laifin yi wa mace cikin dole. Akasarinsu su ma yara ne lokacin da aka kamo su. Duk wanda zai yi wa Ongwen kuka sai ya fara bi ta gabansu.

Duk da haka hukuncin bai kwanta mini ba gaba ɗaya, kuma dalilina ba a Heg yake ba, a Kampala yake. A shekarar 2000 Yuganda ta yi dokar afuwa, bisa matsin lambar malaman addini da sarakunan Acoli, waɗanda suka ce masu kashe mu 'ya'yanmu ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gidan rediyon Mega FM na Gulu ya riƙa sa waɗanda suka dawo suna kiran abokansu da suna, suna cewa ga ni da rai, ku fito. Sama da mutum 13,000 na LRA suka karɓi takardar afuwa. A cikinsu akwai Kenneth Banya, tsohon sojan gwamnati wanda ya shiga tawaye da girmansa da hankalinsa, yana cikin manyan masu tsara wa Kony yaƙi. Ya koma gida. Yaron da irinsu Banya suka tarbiyyantar shi aka kai Turai. Haka Thomas Kwoyelo, wanda shi ma ya ce a hanyar makaranta aka ɗauke shi yana ɗan shekara 12: an hana shi afuwa, ya yi shekara 15 a tsare yana jiran shari'a, a 2024 wata kotun Yuganda ta yanke masa shekara 40.

Acoli suna da nasu hanyoyin. Wanda ya daɗe a waje, kafin ya shiga gida sai ya taka ɗanyen ƙwai a bakin ƙofa, ya bar abin da ya kwaso a waje. Idan kuwa kisa ne, akwai mato oput: dangin wanda ya kashe su amsa laifi, su biya diyya, sannan ɓangarorin biyu su durƙusa su sha wani jiƙo mai ɗaci na saiwar itacen oput daga ƙwarya ɗaya. Tsari ne mai kyau, amma an gina shi ne don kisan da aka san wanda ya yi da wanda aka yi wa. Yaron da ya yi harbi cikin dare a garin da bai san sunansa ba, da wa zai sha? Kuma taka ƙwai ba ya hana maƙwabta nuna shi da baki. Matan da suka dawo da goyo sun fi kowa shan wuya, don a ƙasar da gado da gona ke bin uba, ɗan da aka haifa a daji ba shi da inda zai dafa.

Wani abin da binciken su Blattman ya gano ya saɓa wa abin da ake yawan faɗa. Ana cewa waɗannan yara sun lalace, bam ne da ke jiran fashewa. Akasarinsu ba haka suka zama ba. Sun koma gida, danginsu sun karɓe su, ba su fi sauran faɗace-faɗace ba, har ma sun fi fitowa zaɓe da shiga harkokin unguwa. Babbar asararsu ita ce karatu da sana'a: shekarun da ya kamata su koyi abin yi sun tafi a daji, abin da suke samu ya gaza na tsaransu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya fi buƙatar makaranta da jari, sai a yi ta kallonsa a matsayin mahaukaci.

Wannan ba labarin nesa ba ne gare mu. A watan Agustan 2017 UNICEF ta ce daga farkon shekarar an ɗaura wa yara 83 bam a arewa maso gabashin Nijeriya, 55 mata, 27 maza, ɗaya kuma jariri ne da aka goya wa wata yarinya. Har ta kai mutum ya ga ƙaramar yarinya da hijabi ta nufo kasuwa gabansa ya faɗi. Ba Boko Haram kaɗai ba. 'Yan ƙato da gora na Maiduguri, waɗanda suka tashi don kare unguwanninsu, sun sa yara tsaron shinge da leƙen asiri. Sun sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumbar 2017, suka sallami yara 833 a Oktoban 2018, da wasu 894 a Mayun 2019. Yaran da soja suka kamo daga daji kuwa, da yawa sun yi watanni ko shekaru a barikin Giwa kafin a miƙa su cibiyar Bulumkutu, kuma sai a Satumbar 2022 gwamnati ta sa hannu kan ƙa'idar miƙa irin waɗannan yara ga hukumomin farar hula. Yaron da aka ɗauke daga Bama ko Gwoza a 2014 yana ɗan shekara tara, tuni ya haye 18. In yana raye a Sambisa ko tsibiran tafkin Cadi, mai yiwuwa yanzu shi ake kira amir, kuma akwai ƙananan da ke ɗebo masa ruwa. Ranar da ya fito, mutanen da ke zaune a sansanin gudun hijira za su ce tubabbe ne aka ba keken ɗinki su aka bar su da yunwa, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba. Uwarsa za ta ce ɗanta ne da aka sace mata. Ita ma ba ta yi ƙarya ba.

Ranar 6 ga Mayun 2021 aka yanke wa Ongwen shekara 25. Lauyoyin waɗanda aka zalunta, mutum sama da 4,000 da suka shiga shari'ar, sun nemi ɗaurin rai da rai. Masu gabatar da ƙara sun nemi aƙalla 20, lauyoyinsa suka ce 10. Alƙalan sun ce laifukan sun kai na rai da rai, abin da ya sa suka sassauta shi ne yadda aka ɗauke shi da abin da ya gani yana yaro. Ɗaya daga cikinsu ya so a ba shi 30. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disambar 2022, aka kai shi wani kurkuku a ƙasar Norwe. A Fabrairun 2024 kotun ta yanke diyyar Yuro miliyan 52 da 'yan kai ga mutum kusan 50,000, kowanne zai sami Yuro 750 a hannu, sauran a yi ayyukan gayya. Ongwen ba shi da ko sisi, don haka sai an jira abin da ƙasashe suka ga damar jefawa a asusun kotun. Joseph Kony, wanda Amurka ta sa ladan dala miliyan biyar a kansa, ba a kama shi ba.